Ɗakin Gwaje-gwajen Titin Coupland da Rikicin Elektiron

Ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar fiziks na Jami'ar Manchester, a arewa maso yammacin Ingila, gini ne na jan bulo da ke kan Titin Coupland, an kuma buɗe shi a shekarar 1900. Tsakanin 1907 da 1919, lokacin da Ernest Rutherford yake shugabancinsa, a cikinsa aka gano cewa ƙwayar zarra, wadda masana ke kira atam, tana da wata 'yar mitsitsiyar cibiya. A cikinsa ne kuma wannan sakamako ya ci karo da wata ƙa'ida da babu mai shakkarta, wadda ta ce duk cajin lantarkin da ya sauya gudunsa sai ya fitar da haske. In aka haɗa biyun, lissafi ya nuna bai kamata ko atam ɗaya ya rage a duniya ba. Babban ɓangare na tarihin ginin tarihin wannan saɓani ne.

Manchester garin auduga ne. Masaƙunsa na inji sun tufatar da ƙasashe da dama a ƙarni na 19, yadinsu kuma ya kai har ƙasar Hausa ta hanyar Tarabulus. Da Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya lissafa yadin Manchester cikin hajar da fatake ke kawowa kasuwar garin. A shekarar ce dai aka buɗe Kwalejin Owens da dukiyar da wani attajirin yadi, John Owens, ya bari wasiyya, kwalejin ce kuma ta girma ta zama jami'ar. Garin yana da tsohuwar alaƙa da maganar atam, domin a nan wani malamin makaranta, John Dalton, ya wallafa a 1808 cewa kowane sinadari yana da nasa atam mai nauyi na daban. Wanda ya tsaya tsayin daka har aka yi ginin Titin Coupland shi ne Farfesa Arthur Schuster, ɗan gidan wasu fataken yadi da suka yi ƙaura daga Frankfurt. A 1907 Schuster ya sauka daga kujerarsa, ya kuma nemi a ɗauko Rutherford daga Kanada ya gaje shi.

Ƙa'idar da ta jawo rikicin ta girmi ginin nesa ba kusa ba. Michael Faraday, wanda ya yi aikinsa a Landan, shi ya fara kallon cajin lantarki a matsayin abin da wasu layukan ƙarfi ke fita daga jikinsa ta kowace fuska. James Clerk Maxwell ya mayar da wannan hoto lissafi, a 1865 ya nuna cewa motsin da ya taɓa layukan ba ya isa nesa nan take, tafiya yake yi da gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Wannan kuwa shi ne gudun haske, sai Maxwell ya yanke cewa shi kansa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. Ya rasu a 1879 bai ga an tabbatar da maganarsa ba. Heinrich Hertz ne ya tabbatar da ita a garin Karlsruhe na Jamus tsakanin 1886 da 1888. Ya sa tartsatsi yana tsallake 'yar tazara tsakanin dunƙulen ƙarfe biyu, sai ga wani ƙaramin tartsatsi yana ƙyaftawa a jikin wani zoben waya can ɗaya gefen ɗakin, alhali babu abin da ya haɗa su.

Dalilin fitar wannan igiya ba shi da wuyar fahimta, muddin aka riƙe cewa labari yana buƙatar lokaci kafin ya isa. Cajin da ke zaune wuri ɗaya layukansa miƙaƙƙu ne, babu abin da ke fita daga gare shi. Wanda ke tafiya a miƙe da gudu ɗaya shi ma tafe yake da layukansa, ba ya asarar komai, domin duk mai tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi a zaune zai gan shi. Amma a ce an fizgi cajin ba zato. Sashen layukan da ke kusa zai bi shi sabon wurinsa, sashen da ke nesa kuwa yana nan yana nuna tsohon wuri, don labarin bai kai masa ba tukuna. Layin ba ya tsinkewa, saboda haka dole a sami lanƙwasa a tsakanin sassan biyu, lanƙwasar kuma ta ruga waje da gudun haske. Wanda ya taɓa shimfiɗa igiyar guga a ƙasa ya fizgi bakinta gefe ya san yadda lanƙwasa ke gudu har ƙarshenta, ita kuwa igiyar tana nan inda take. Wannan lanƙwasa ita ce hasken. J. J. Thomson, wanda shi ma haifaffen Manchester ne kuma tsohon ɗalibin Kwalejin Owens, ya yi amfani da wannan hoto a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Yale a 1903.

Lanƙwasar tana da hali nata. Ƙarfin caji na yau da kullum yana raguwa da sauri, in nisa ya ninka biyu sai ya koma kwata. Ƙarfin lanƙwasar kuwa rabi kawai yake komawa, shi ya sa take iya ɗaukar makamashi ta tafi da shi ba dawowa, har ta ƙetare teku. Sa'annan ta fi ƙarfi ta gefe, ba ta fita sam ta fuskar da aka fizgi cajin, don haka eriyar da aka kafa a tsaye ta fi aika saƙo zuwa ƙasar da ke kewaye da ita maimakon sama. A 1897 Joseph Larmor, ɗan Ayalan da ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta Cambridge a 1880, shekarar da Thomson ya zo na biyu, ya fitar da adadin. In sauyin gudu ya ninka biyu, makamashin da ke fita ya ninka huɗu, in ya ninka goma ya ninka ɗari. Abin lura a nan shi ne sauyin gudu ba ƙara sauri ko rage shi kaɗai ba ne. Karkata ma sauyi ne. Cajin da ke zagaye, ko saurinsa bai canja ba, a kowane lokaci karkata yake yi, don haka a kowane lokaci yana zubar da haske.

Babu ƙa'idar da ta fi wannan shaidu. Tashar da ke watsa shiri a kan mita 49 a gajeren zango tana girgiza caji ne a jikin eriyarta kusan sau miliyan 6 a sakan ɗaya, igiyar da ta fita kuma ita ke motsa cajin da ke cikin eriyar akwatin mai saurare. Da wannan Guglielmo Marconi ya aika saƙo daga Cornwall zuwa Newfoundland a watan Disamba na 1901. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, wani kaso nasa yana fitowa ne daga caji mai gudu da aka tsayar da shi kwatsam a jikin ƙarfe. A 1897 ɗin da Larmor ya wallafa lissafinsa, Thomson ya gano mai ɗauke da wannan caji, wato elektiron, wanda cajinsa nagetif ne, wanda kuma atam ɗin haidurojin ya fi shi nauyi sau fiye da 1,800.

Rutherford ya san ƙa'idar da hannunsa. An haife shi a 1871 a gidan manoma a New Zealand, ya zo Cambridge a 1895, bincikensa na farko kuwa na'urar kama igiyar Hertz ce, har ya kama saƙo da ita daga nisan kusan rabin mil. Daga baya ya koma kan sinadarai masu fitar da burbushi da kansu, ya yi shekara tara a Montreal, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1908. Da ya iso Manchester, Cibiyar Kimiyya ta Vienna ta ba shi aron radiyom da bai kai rabin giram ba, a kan wannan ɗan abu aka gina kusan dukkan aikin ɗakin. Radiyom yana harba wasu burbushi da ake kira alfa, masu cajin fozitif, da gudun da ya haura kilomita 15,000 a sakan. Wani Bajamushe mai sana'ar hura gilashi, Otto Baumbach, ya hura bututu mai bango siriri ƙwarai, yadda alfa za su ratsa shi amma iska ba za ta ratsa ba. Da shi Rutherford da Thomas Royds suka tara alfa na 'yan kwanaki, suka nuna cewa abin da ya taru hiliyom ne. Ba a cika ambaton irin su Baumbach da William Kay, mai kula da kayan ɗakin, in ana ba da labarin nan ba, alhali ba don hannunsu ba da babu gwajin da zai tashi.

Sana'ar ɗakin ita ce ƙirga. In burbushin alfa ɗaya ya daki allon da aka shafa wa wani gari na zinki da farar wuta, sai ya yi ɗan ƙyalli na ƙiftawar ido, wanda ba a gani sai da madubi mai girmama abu. Mai ƙirga yakan zauna cikin duhu kusan rabin sa'a har idonsa ya saba, sa'annan ya kafa ido a madubin yana ƙirga ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, wani kuma yana riƙe da agogo yana rubutawa. Ido ba ya jure wannan fiye da minti ɗaya ko biyu a jere, sai a huta ko a yi canji. Haka Hans Geiger, Bajamushe, da Ernest Marsden, ɗalibi ɗan shekara 20 da bai gama digirinsa ba, suka yi ta yi a 1909, suna harba alfa a kan fallen ƙarfe da ya fi takarda siranta.

A lokacin ra'ayin Thomson ke tashe, cewa cajin fozitif a baje yake cikin atam gaba ɗaya, elektiron kuma suna warwatse a cikinsa. In haka ne, babu abin da zai tare alfa, wanda ya fi elektiron nauyi sau fiye da 7,000. Rutherford ya ce wa Marsden ya duba ko akwai waɗanda ke dawowa baya. Akwai su kuwa: a kan filatinom, kusan ɗaya cikin 8,000. Rutherford ya kwatanta abin daga baya da harba harsashin igwa a kan takarda ya dawo ya sami mai harbin. Ya yi fiye da shekara yana juya maganar kafin ya fito da amsa, ya gabatar da ita ga Ƙungiyar Adabi da Falsafa ta Manchester ranar 7 ga Maris, 1911, aka buga cikakkiyar maƙalar a watan Mayu. Amsar ita ce kusan dukkan nauyin atam da cajin da ke korar alfa suna dunƙule a wata cibiya da faɗin atam ya fi nata sau dubu goma ko fiye, sauran wurin kuwa fanko ne. Geiger da Marsden suka ƙirga ƙyalli sama da 100,000 don gwada lissafinsa, a 1913 suka wallafa cewa ya yi daidai.

To ina elektiron suke? In suna tsaye, cibiya za ta janyo su su faɗa mata. In suna zagaye ta kamar yadda duniyoyi ke zagaye rana, hoton da Hantaro Nagaoka na Japan ya taɓa kawo irinsa a 1904, to sun faɗa hannun Larmor. Mai zagaye yana karkata, mai karkata yana zubar da makamashi, wanda ya yi asarar makamashi falakinsa ya ƙanƙance, ƙaramin falaki kuma ya fi tsananin karkata, asarar sai ta ƙaru. In aka sa adadin haidurojin a lissafin, elektiron zai faɗa wa cibiya cikin kashi 16 daga tiriliyan ɗaya na sakan. Thomson ya taɓa samun mafita a nasa tsarin, domin elektiron masu yawa da ke jere a zobe ɗaya haskensu yana kashe juna, amma haidurojin elektiron ɗaya tak gare shi, ba shi da abokin da zai rufa masa asiri. Rutherford ya ga matsalar, ya kuma faɗa a maƙalarsa cewa ba zai taɓa maganar dorewar atam a wannan mataki ba. Wannan ba gudun nauyi ba ne. Ya faɗi abin da gwaji ya nuna, ya ƙi ƙarawa da abin da bai nuna ba.

Akwai matsala ta biyu da ta fi ta farko daɗewa. In aka watsa gishiri cikin wuta, harshenta yakan koma rawaya, kowane sinadari kuma yana da launukansa da ba sa canjawa. Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff sun mayar da wannan hanyar gane sinadarai a Heidelberg wajen 1860. Hasken haidurojin, in aka ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku, ba ya ba da cikakken bakan gizo, sai layuka huɗu da ido ke gani, masu tsawon igiya nanomita 656 da 486 da 434 da 410. A 1885 Johann Balmer, malamin lissafi a makarantar 'yan mata a Basel ta Suwizalan, yana ɗan shekara 60, ya gano ɗan gajeren lissafi da ke fitar da lambobin nan, ba tare da kowa ya san dalilinsa ba. Elektiron da ke gangarawa cikin cibiya kuwa saurin zagayensa ƙaruwa zai yi ta yi, launin haskensa ya yi ta zamewa ba tsayawa. Tsarin Rutherford ya gaza ta nan ma.

Niels Bohr, ɗan Denmak da aka haifa a 1885, ya zo Ingila a kakar 1911 da tallafin Gidauniyar Carlsberg don ya yi aiki da Thomson a Cambridge. Zaman bai yi armashi ba, Turancinsa bai nuna ba, Thomson kuma bai sami lokacin karanta kundin binciken Bohr ba. A watan Maris na 1912 ya koma Manchester, ya fara koyon gwaje-gwaje, ba da daɗewa ba ya ajiye su ya koma tunani, yana hira da George de Hevesy da Charles Galton Darwin, jikan Darwin ɗin da aka sani. Abin da Bohr ya lura da shi ya wuce maganar rushewa. A tsohuwar ƙa'ida babu abin da ke yanke girman atam: falaki kowane iri halal ne, amma ga shi duk atam ɗin haidurojin a duniya girmansu ɗaya, halinsu ɗaya. Ya ga cewa in aka shigo da lambar da Max Planck ya gabatar a 1900, wadda ke nuna makamashin haske a dunƙule-dunƙule ake musayarsa, aka haɗa ta da caji da nauyin elektiron, sai tsawo ya fito wanda ya yi daidai da girman atam. Ya rubuta wa Rutherford taƙaitaccen bayani a tsakiyar 1912, ya koma Copenhagen a watan Yuli, ya yi aure ranar 1 ga Agusta. A Fabrairun 1913 wani abokinsa, Hans Marius Hansen, ya tambaye shi ko tsarinsa zai iya bayyana lissafin Balmer. Da ya duba, sai komai ya haɗu.

Bohr ya kafa sharuɗɗa biyu. Elektiron yana da wasu matakai ƙayyadaddu da aka yarje masa, in yana kan ɗayansu ba ya fitar da haske, ko da Larmor ya ce ya fitar. Haske yana fita ne kawai in ya yi tsalle daga mataki na sama zuwa na ƙasa, bambancin makamashin matakan biyu ne kuma ke yanke launin. Mataki na farko a haidurojin yana nisan nanomita 0.053 daga cibiya, elektiron a kansa yana gudun kusan kilomita 2,200 a sakan, babu kuma wani mataki ƙasa da shi da zai faɗa. Jan layin nan na 656 tsalle ne daga mataki na 3 zuwa na 2. Abin da ya fi girgiza masana shi ne Bohr ya raba yawan kaɗawar haske da yawan zagayen elektiron, alhali tun zamanin Hertz an san caji da igiyarsa tare suke kaɗawa. Sai a manyan matakai na can nesa da cibiya ne biyun ke komawa su daidaita, tsohuwar ƙa'ida ta dawo da ƙarfinta.

Ya aika wa Rutherford rubutun ranar 6 ga Maris, 1913. Rutherford ya amsa ranar 20 ga watan da tambayar da ta taɓa ainihin raunin: ta yaya elektiron ke sanin launin da zai fitar tun bai isa matakin da zai tsaya ba? Ya kuma ce rubutun ya yi tsawo, zai rage shi. Bohr ya shiga jirgin ruwa ya zo Manchester, ya zauna da shi suna bi jimla-jimla har Rutherford ya sakar masa. An buga aikin kashi uku a mujallar Philosophical Magazine, a Yuli da Satumba da Nuwamba.

Ginin Titin Coupland ne ya fara ba da shaida. Akwai wasu layuka da aka gani a hasken taurari aka jingina su ga haidurojin, Bohr ya ce na hiliyom ne da ya rasa elektiron ɗaya. E. J. Evans ya cika bututu da hiliyom zalla a Manchester, ya ga irin layin ba tare da alamar haidurojin ba. Henry Moseley kuma ya jera sinadarai daga kalsiyom zuwa zinki a kan wata 'yar amalanke cikin bututun da aka zuƙe wa iska, yana janyo su ɗaya bayan ɗaya gaban elektiron masu gudu, yana auna hasken da kowanne ya fitar. Ya tarar hasken yana hawa daki-daki daidai da lambar sinadarin a jadawali, wato adadin cajin cibiyarsa. Ya ƙarasa aikin a Oxford a 1914, ya nuna guraben sinadarai masu lamba 43 da 61 da 72 da 75 da ba a gano ba tukuna. A shekarar dai, a Berlin, James Franck da Gustav Hertz, ɗan ɗan'uwan Heinrich Hertz, suka tarar atam ɗin zaiba ba ya karɓar makamashi daga elektiron sai ya kai na bolt 4.9, abin da Bohr ya nuna cewa tazarar matakai biyu ce.

Yaƙin Duniya na Farko ya watsa ɗakin. Geiger ya shiga rundunar igwa ta Jamus, James Chadwick ya shafe yaƙin a tsare a Ruhleben kusa da Berlin, an tsare Baumbach a Ingila don shi Bajamushe ne. Moseley ya shiga soja, aka kashe shi a Gallipoli ta Turkiyya ranar 10 ga Agusta, 1915, yana ɗan shekara 27. Bohr ya koyar a Manchester daga 1914 zuwa 1916. Rutherford ya raba lokacinsa tsakanin aikin gano jiragen ƙarƙashin teku da gwaji tare da William Kay, inda suka ga alfa suna fitar da cibiyar haidurojin daga naitirojin. Ya wallafa wannan a 1919, a shekarar ya koma Cambridge.

Sharuɗɗan Bohr umarni ne, ba dalili ba, shi ma ya san haka. Tsarin ya yi aiki a kan atam mai elektiron ɗaya, ya kasa a kan hiliyom mai biyu, duk da gyaran da Arnold Sommerfeld ya yi masa a Munich. Dalilin ya fito ne daga wasu wurare. A 1924 Louis de Broglie a Faris ya ce elektiron yana da halin igiya, matakan Bohr kuwa su ne zagayen da igiyar ke cika su cif, ba ragi ba ƙari. Werner Heisenberg a 1925 ya watsar da falaki ɗungurungum tunda ba wanda ya taɓa ganinsa, Erwin Schrödinger a 1926 ya rubuta lissafin igiyar, Max Born ya bayyana cewa tana nuna yiwuwar samun elektiron ne a kowane wuri. A 1927 gwaji ya tabbatar da halin igiyar a Amurka, da kuma a Aberdeen a hannun G. P. Thomson, ɗan J. J. Thomson.

A wannan sabon ilimi, da ake kira kwantam, elektiron da ke kan matakinsa ba ɗigo ba ne mai tsere a kan zobe. Cajinsa a baje yake kewaye da cibiya cikin siffar da ba ta canjawa da lokaci, abin da ba ya canjawa kuwa ba shi da lanƙwasar da zai aika. Ba ya faɗawa cibiya don matse shi a ƙaramin wuri yana ƙara masa makamashin motsi fiye da abin da janyowar cibiya za ta rage masa, ma'aunin biyun kuma yana daidaita ne a nisan nan na nanomita 0.053. In elektiron yana tsakanin matakai biyu kuwa, siffar cajin takan yi ta lilo, yawan lilon kuma daidai yake da kaɗawar hasken da ke fita, wanda shi ne amsar wani ɓangare na tambayar Rutherford. A haidurojin, irin wannan saukowa daga mataki na 2 zuwa na 1 takan ɗauki kusan kashi 1.6 daga biliyan ɗaya na sakan. Paul Dirac ya shigar da shi kansa haske cikin tsarin a 1927. Ke nan ƙa'idar Maxwell da Larmor ba ta faɗi ba, hoton elektiron ne ya faɗi. Abin damuwa ne cewa zanen zobba kewaye da cibiya har yau shi ne a littattafan sakandare da tambarin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ɗalibi mai kaifin basira kuma yakan sake faɗawa ruɗanin 1911 ba tare da an gaya masa an warware shi ba.

Bayan Rutherford, Lawrence Bragg ya riƙe ɗakin har 1937, Patrick Blackett ya gaje shi. A zamanin Blackett ne Bernard Lovell ya fita da kayansa zuwa Jodrell Bank a 1945 don guje wa tartsatsin taragon lantarki na birnin, a can aka kammala faifan sauraren sama mai faɗin mita 76 a 1957. Sashen fiziks ya bar Titin Coupland a shekarun 1960 ya koma sabon gini mai sunan Schuster, masu nazarin halayyar ɗan Adam suka zauna a tsohon. Daga baya aka gano ragowar radiyom da zaiba a wasu ɗakunansa, aka yi aikin tsabtace su, yanzu ginin yana ɗauke da sunan Rutherford.

Elektiron da ke zagaye da gaske, a wajen atam, yana zubar da haske kamar yadda Larmor ya lissafa. An ga wannan da ido a 1947 a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Schenectady a Amurka, cikin injin da ake kira sinkurotiron, inda maganaɗisu ke tanƙwara hanyar elektiron masu gudu dab da na haske. Da farko asara aka ɗauke shi, ita ce ma ta sa aka yi zoben injin LEP na Geneva da kewayen kilomita 27 don karkatar ta yi sauƙi. Daga baya aka koma gina injinan domin hasken kansa, ana leƙa tsarin magunguna da ƙwayoyin cuta da ƙarafa da shi. Wanda aka gina a Daresbury, kusa da Manchester, ya fara aiki a farkon shekarun 1980, na SESAME a ƙasar Jodan, wanda Masar ke cikin mambobinsa, aka buɗe shi a 2017. Nahiyar Afirka ba ta da irin wannan inji, masu bincikenta zuwa Turai da sauran wurare suke yi da samfuransu, tun 2015 kuma wasu daga cikinsu suke tarukan neman a gina ɗaya a nahiyar.